Yadda Za Ka Kori DJ Ka Dawo da Ganga a Bikin Jikarka

Kai dattijo mai shirin aurar da jika, matso kusa. Ni ne Nababa. Ban taɓa shiga aji ba, amma na tsira daga ƙyanda, na tsira daga yunwa, na tsira daga 'yan bindigar da suka tashe mu daga ƙauyenmu na bayan Kuyello muka dawo cikin Birnin Gwari. A duk wannan ban taɓa gudu ba, sauri kawai nake yi. In ka bi matakan nan, na ba ka tabbacin ganga za ta yi magana a bikin gidanka. Na gwada da kaina, ga ƙafata shaida.

Mataki na 1: Ka san abokan gabarka

A gidana kowa da kunnensa. Mairama, mai ɗakina, waƙoƙin bege take ji tun daga asuba. Jikata Bushira ta waƙoƙin fim ce, irin waɗanda ƙato da gemunsa zai riƙa kuka da muryar inji saboda yarinya ta ƙi ɗaga waya. Samarin unguwa kuma gambarar zamani, mutum yana zuba magana kamar kwandasta mai kiran fasinjan Funtuwa. Solomon, ɗan maƙwabcina, shi ne DJ, kuma duk tarkacen nan yana da su a cikin wani abu da bai kai farcena ba.

Ka raina su duka. Kada ka tsaya saurara kafin ka raina, saurare yana ɓata hukunci.

Mataki na 2: Ka yi alkawarin da ya fi bakinka

Aminina Yusha'u makaɗin gangar noma ne. A da, in ya kaɗa a gayya, mai ciwon baya ma sai ya nemi garma. A shekarunmu na ƙarshe a ƙauye gangar ta sauya aiki: in an hango babura a bakin daji, shi ke buga ta da sauri kowa ya watse. Wannan ba abin tunawa ba ne, ni ma ban tuna ba.

Tun da muka zo gari gangar tana rataye a bango, shi kuma yana zaune a ƙarƙashinta, ba a san wanda ya fi wani shiru ba. Na ja shi majalisa, na ce a gaban kowa zai kaɗa a bikin Bushira, in bai kaɗa ba a daina kirana Nababa.

Ya ce, "Nababa, hannuna ya manta."

Na ce, "Hannun naka jarrabawa zai rubuta da zai manta?"

Washegari na leƙa na tarar yana shafa wa fatar gangar mai. Daga nan babu ja da baya.

Mataki na 3: Ka kai ƙara wajen amarya

Kada ka bi ta kan uwargida. Na gwada, Mairama ta ce, "Malam, ka bar yara da abinsu," ta ƙara muryar rediyo.

Bushira na samu. Ta ce, "Angona, biki zan yi ko gayyar noma?"

Na ce, "Ke da za ki bar ni ki auri yaron da ko gashin baki bai gama ba, ai kya bar ni da kiɗana."

"Kiɗa ɗaya, bayan la'asar. Kuma ba saboda kai ba, saboda Baba Yusha'u."

Wannan shi ake kira cin nasara da ƙarfin hujja.

Mataki na 4: Ka hana gwaji

Yusha'u ya roƙe ni mu fita bayan gari ya ɗan motsa hannu. Na ƙi. Gwaji na masu koyo ne. Kada kuma ka gaya wa baƙi abin da ke tafe, daɗin abu a same shi ba zato.

Mataki na 5: Ka kashe janareta

Ranar biki ka jira sai fili ya cika, ƙaton nan yana tsakiyar kukansa a lasifika. Ka zagaya baya ka murɗe janareta. Na murɗe. Wuri ya yi tsit, irin shirun da mutanen yankinmu ba sa so. Na ɗaga wa Yusha'u hannu.

Ya ɗaga sanda, ya buga. Abin da ya fito shi ne kiɗan da ya buga na ƙarshe a ƙauye.

Rabin baƙin 'yan ƙauyenmu ne. Kafin ya sauke hannu mata sun sungumi yara, nasu da na wasu. Dangin ango daga Kusasu ba su san kiɗan ba, amma sun san gudu in sun gani. Ango ya bar takalmansa a jere kamar zai shiga masallaci. Ni kuwa, da yake shugaba ne ke nuna hanya, na yi sauri na haye katangar da ko Solomon sai ya sa tsani, na sauka a turken awakin babansa. Ƙafar hagu ta riga ni isa.

Mataki na 6: Ka bar abokin gaba ya yi maka aiki

Solomon a gari aka haife shi, bai san komai ba, shi ya sa bai motsa ba. Ya ta da janareta, ya sako waƙar kukan nan har ƙarshen murya. Mutane suka fara leƙowa, don kowa ya san ba a waƙar soyayya a inda ake ɗibar mutane. Ina kwance cikin awaki na ji ƙaton yana kuka, kuma tun da nake ban taɓa jin murya mai daɗin tasa ba. Wannan tsakanina da kai ne.

Da aka ɗauko ni, Yusha'u yana tsaye shi kaɗai a tsakiyar fili yana kallon hannunsa.

Ya ce, "Na noma na nufa, Nababa. Wannan ne ya fito."

Ya fara cire igiyar gangar daga kafaɗa. Bushira ce ta fizge makirfo da hannunta mai lalle.

"Baba Yusha'u zai sake. Duk wanda ya gudu wannan karon babu shinkafarsa."

Solomon ya kashe waƙarsa, ya durƙusa ya kara makirfo a bakin gangar. Yusha'u ya buga, ya tsaya. Ya sake, ya tsaya. Sai hannun ya gano hanya. Tsofaffin ƙauyenmu suka sunkuya ɗaya bayan ɗaya kamar garma na hannunsu, suna takawa. Yara suka shigo da irin rawarsu ta masu kaikayi. Har Mairama ta ɗaure gyale a ƙugu.

Mataki na 7: Ka karɓi yabo a zaune

Tun barinmu ƙauye nake jiran rawar nan, na kuwa kalle ta daga kan benci, ƙafa ta kumbura kamar kabewa. Ka ce wa mutane babba ba ya rawa, kula yake yi.

Yusha'u ya zo gabana da gangar ya yi mini kirarina na gona, ya ƙara da wani sabo: Nababa mai tsallake katanga. Solomon ya naɗa, ya haɗa da fiyano. Yanzu shi 'yan acaɓa ke sakawa a tasha. Sunana bai ɓace ba, ƙari ma ya samu. Jiya an zo ɗaukar Yusha'u wani biki, a motar DJ.

Gargaɗi

Duk wanda ya bi shawarar nan ya karye, ko surukansa suka koma Kusasu ba takalmi, ko ya kama kansa yana gyaɗa kai ga waƙar ƙato mai kuka, kada ya zo ƙofar gidana. Ni ban iya rubutu ba. Bushira ce ta rubuta, kuma tun daga mataki na biyar take dariya, saboda haka ban san abin da ta sa ba.