Kwamitin Binciken Yarinya Mai Kitso

Jama'a, ku matso ku ji abin da ya same ni, don in na bar shi a ciki zai iya zame min hawan jini. Wata Juma'a cikin watan nan na idar da sallar Magariba, na ɗauko iyafis ɗina mai makirufo, na nufi falon gidanmu na Al Wukair ina 'yar waƙata. Ina shiga na tarar da talabijin shi kaɗai, wayoyi na reto a ƙarƙashinsa. Na'urar gem ta yi layar zana. A gurbinta an manna takarda da salatif, wai an ɗauke ta domin bincike, sa hannun Kwamiti.

Na tsaya na sake karantawa. Na baro Zariya, na tsallake teku da hamada, na zo ƙasar Larabawan nan da ba a ɗauke wuta, ashe Kwamiti ya riga ni samun biza.

Ga wanda bai san ni ba, gadi nake yi a wani dogon bene a Mushairib. Gidan da muke haya cike yake da irina: 'yan gadi, direbobi, masu aikin otal, Kanawa da Sakkwatawa da 'yan uwanmu na Zangon Kumasi. Karo-karo muka yi muka sayi na'urar nan, kuma dokar falo ɗaya ce tak, wanda aka ci ya miƙa hannun gem ga na gaba. Amma ranar Juma'a bayan Magariba kowa ya san nawa ne, ba a ma tambaya. Dalilin kuwa shi ne Nasira.

Nasira 'yata ce, shekararta goma sha biyu, tana Zariya wajen uwarta. In na kira ta a waya, hirarmu ba ta wuce ta likita da marar lafiyan da ba ya son allura. Ya makaranta? Lafiya lau. Me kike so in aiko miki? Ba komai. Sai in ji ta miƙa wa uwarta waya. Na baro ta tana ƙarama, ta girma ba na nan, kunya ta shiga tsakaninmu ta shimfiɗa tabarma. To kawunta Sunusi yana da shagon gem a ƙofar gida, ranar Juma'a yakan shigar mata da na'ura ɗaya ciki, mu haɗu ni da ita ta intanet.

Wasan na mutum biyu ne. Ana ratsa wani rusasshen birni ana neman rijiya, dodanni na tare hanya. Da can jarumin ɗaya ne, wani ƙaton Bature mai gemu, ƙirjinsa kamar ƙofar gareji. Daga baya kamfanin ya ƙaro wata siririyar baƙar yarinya mai kitso da majajjawa. Nasira na ganinta ta ce wannan tata ce. Ni kuma na ɗauki Baturen, don yana da nauyin jiki kuma yana jure duka, halinmu ya zo ɗaya. A cikin wasan nan yarinyar da ba ta iya haɗa kalma uku a waya sai ta koma kwamanda. "Baba, hagu! Hagu na ce, wannan dama ce!" Muna gudu tana ba ni labari: wadda suka ɓata da ita a aji, malamin da ke barci a kan kujera, akuyar gida da ta haifi biyu. Duk abin da na sani game da 'yata, a bakin dodanni na ji shi.

Ana zaune ƙalau sai ga Gafaru da fitina a aljihu. Gafaru direba ne, rabin aikinsa jiran uban gidansa a wajen ajiye motoci, don haka ya ƙare duk bidiyon da ke duniya. Ya shigo falo ya nuna mana wani jan Bature a ɗaki mai fitilu kala-kala, yana ihu jijiyar wuyansa a tashe. Wai kamfani ya lalata gem, ya cusa yarinyar nan don neman suna, kowa ya ƙaurace.

"Ajanda ce, wallahi," in ji Gafaru. "Yau mace na dukan dodanni, gobe kuma me?"

Na ce, "Gafaru, ka taɓa buga wasan nan?"

"Ba sai na taɓa wuta zan san tana ƙuna ba."

"Yarinyar fa kalar ƙanwarka ce."

Ya girgiza kai cikin tausaya min. "Ai tarkon ke nan, Baban Nasira."

Kafin a ce kwabo, Aruna ɗan Kumasi, mai aiki a wani gidan abinci a Al Asmakh, ya zaro tasa wayar. Shi ma da nasa mai ihun, mace ce da gilashi, tana cewa duk wanda bai so yarinyar ba ya tsani baƙar fata. "Cale," in ji Aruna, wato aboki a bakin 'yan Kumasi, "duk wanda ya ƙara ɗaukar Baturen nan, har yanzu bawa ne a zuciya." Aruna kuwa tun da aka sayi na'urar, in ba ƙwallo ba bai taɓa kunna komai ba.

Shiga sharo ba shanu ke nan. Mutane a wata nahiya suna faɗa, ana biyansu bisa yawan masu kallo, mu da ba mu da ko sisi a ciki muka raba falo biyu. In ka ɗauki yarinya, Gafaru ya yi tsaki ya ce an saye ka. In ka ɗauki Bature, Aruna ya dube ka kamar ka sayar da kakanka. Mutumin da ya tsaya awa goma sha biyu a bakin ƙofa ya dawo ya huta, sai a ce sai ya bayyana aƙidarsa kafin ya danna maɓalli. Da ɗai-ɗai samari suka zame. Waɗanda da suke kokawa a kan hannun gem suka koma kwance a kujera kowa da wayarsa, ana kallon masu faɗa a kan wasan, wasan kansa kuma ƙura na hawa.

Abin da ke ba ni dariya, kullum da safe a motar aiki ɗan Nepal ne a damana, ɗan Kenya a haguna, direba ɗan Sudan, mai duba mu ɗan Filifin. In barci ya kwashe ni kafaɗar wanda ya fi kusa nake dangana, ban taɓa tambayar ajandarsa ba. Sai a cikin akwatin talabijin ne haɗuwar launin fata ta zama abin tashin hankali.

To, ƙara ta kai kunnen Mai Girma Ciyaman na ƙungiyar gida, Garkuwan Falo, Uban Marayun Al Wukair, Mai Riƙon Rimot, Allah ya ja zamaninsa. Ina so ku yaba masa. Esin sanyaya ɗakinmu na sama ya mutu tun zafin bara, kwamitinsa na nan yana nazari. Injin wanki yana rawa yana bin mutane har tsakar gida, shi ma yana gaban kwamiti. Amma maganar gem, kwana ɗaya bai yi ba ya ɗau mataki. Ya naɗa Gafaru da Aruna mambobi, ya naɗa kansa shugaba. Suka yi zama da shayin karak da shawarma daga asusun gida. Suka yi tattaki zuwa wani shagon gem a Al Asmakh domin gane wa idonsu, a tasi, don darajar Kwamiti ta wuce jirgin ƙasa na Metro. Na'ura kuwa aka kai ta ɗakin Mai Girma saboda tsaro. An ba kura ajiyar nama, an kuma roƙe ta ta kula da ƙudaje.

Na same shi na rusuna. "Ranka ya daɗe, yarinyata ce nake haɗuwa da ita ranar Juma'a."

Bai bari na ƙarasa ba. "Malam, magana na gaban Kwamiti, ba na son in yi wa bincike katsalandan. Bukura, in sha Allah. Yalla, kalas."

Wanda ya zauna a ƙasar nan ya san kalas magana ta ƙare ke nan, bukura kuwa gobe ce, ya kuma san goben ba ta da ranar zuwa.

Ban gaya wa Nasira ba. In ce mata me? Magidanta masu furfura sun kama gem sun tsare? Na ce bari in jira ta tambaya. Asabar na kira. Ya makaranta? Lafiya lau. Ko alamar ƙorafi babu. Wata Juma'ar ta zo ta wuce, na sake kira, lafiya lau. Nan fa abin ya daina ba ni dariya. Ina tsaye a bakin ƙofar gilashin nan ta Mushairib ina buɗe wa mutanen da ba sa ganina, zuciyata na raya min cewa 'yata ma ba ta lura ba na nan ba. Na ji zafin wannan fiye da zafin watan Yuli, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Ranar sanar da sakamako aka taru a falo. Mai Girma ya gyara babbar riga, ya yi gyaran murya, ya ce saboda kishin al'umma shi da kansa ya sadaukar da Juma'o'insa bayan Magariba yana gwada wasan.

"Kuma na wanke shi," in ji shi. "Yarinyar nan mai kitso tana da tarbiyya. Ina kunnawa sai murya ta fito ta talabijin, ta yi min sallama, ta ce Baba ina wuni. Da Hausa fa! Hausar ma ta Zazzau."

Gafaru ya zabura. "Kun ji ko! Har Hausa suka koya mata don su shigo mana gida!"

"Ci gaba ke nan, cale," in ji Aruna. "An san da zamanmu."

"Ku saurara," in ji Mai Girma. "Har hira take yi. Ta ce ita ta zo ta ɗaya a lissafi. Ta ce ta fasa filas ɗin Mama, kada in faɗa. Turawan nan sun yi aiki. Juma'ar ƙarshe ma har ta ba ni tausayi. Ta ce, Baba, ka yi shiru, ko fushi kake yi da ni? Na so in amsa, na duba ban ga inda ake amsawa ba."

Inda ake amsawa, iyafis ɗina mai makirufo, yana cikin aljihuna, na dunƙule shi a hannu. Na miƙe tsaye.

"Ranka ya daɗe, da wane suna kake shiga?"

"Wanda na tarar a ciki mana."

"Nawa ne. Wadda take ce maka Baba kuma Nasira ce, 'yata."

Injin wanki na can tsakar gida yana rawarsa. Gafaru ya sunkuyar da kai. Aruna ya kama duba farcensa. Ni kuwa ban san ko in yi dariya ko in yi kuka ba. 'Yata ta zo ta ɗaya a lissafi, a bakin Kwamiti na ji. Tana can tana zaton na yi fushi da ita, ina nan ina zaton ta manta da ni, babban mutum na tsakiya yana cin maki da sunana.

Kuna tsammanin ya ba da haƙuri? Ba ku san manya ba. Ya kurɓi karak ya ce, "Kwamiti ya lura da wannan ƙarin bayani." Sannan ya yanke hukunci: a mayar da na'ura falo, amma domin adalci an soke dokar wanda aka ci ya miƙa, an kawo karɓa-karɓa. Mako ɗaya Kanawa, mako ɗaya Sakkwatawa, mako ɗaya 'yan Kumasi, sauranmu a haɗa mu a shiyya guda. Wato kwamitin da aka kafa saboda an raba jaruman gem bisa launi, ya ƙare da raba hannun gem bisa gari. Aka yi tafi.

Jiya Juma'a makon Kanawa ne. Na leƙa falo bayan Magariba da niyyar roƙon arziki, na tarar ba kowa. An wanke wasan, amma sha'awarsa ta riga ta mutu a hannun masu kare shi da masu sukarsa. Gafaru da Aruna na tsakar gida sun samo sabon faɗa a kan wani fim da babu wanda ya kalla a cikinsu. Na zauna, na sa iyafis, na ɗauki Baturena.

"Baba?"

"Na'am, Nasira."

"Ka huce?"

"Ban taɓa fushi da ke ba. Wani babba ne ya ari wasan, shi ne bai iya magana ba. Na ji kin zo ta ɗaya a lissafi."

"Ka ji na filas ma?"

"Wane filas?"

Na ji ta sauke numfashi. Muka shiga birni. Ba mu yi nisa ba ta ce hagu, na yi dama, na zurma cikin ramin farko, wanda nake faɗawa tun ranar da muka fara. Dariya ta ƙwace mata har da shaƙewa, irin wadda rabona da ji tun tana goye.

"Yawwa," ta ce. "Yanzu na yarda kai ne. Dama na yi mamaki, wancan ko sau ɗaya bai faɗa ba."

Na share ido da hannun riga, na ce ta zo ta ciro ni.

Kun ga ashe zaluntar Mai Girma muke yi da muke cewa bai iya komai ba. Mutumin ya ratsa birni guda bai faɗa rami ba. Shawarata ga ƙungiya, a roƙi kamfanin nan ya sa gyaran esi a cikin wasan a mataki na gaba, a kai na'urar ɗakinsa domin bincike. Kafin bukura mun sha sanyi.