Yadda Hukuma Ta Sayar Mini da Tudun Ubana

Ranar Talata hukuma ta kwashe mini tudu, motata kuma ba ta sake tashi ba sai da anka yi kwana goma sha tara.

Mai karatu na birni zai ce mi ya haɗa mota da tudu. To zauna in gaya maka. Ni Ɗangiwa na Shiyar Marina a Tambuwal, karatuna bai wuce ajin yaƙi da jahilci na wata shida ba, amma mota na san ta ciki da waje, musamman ƙasanta, inda na fi daɗewa a kwance.

Shekarar da anka samu mulkin kai na saye ta, fam arba'in da biyar, hannun wani malamin asibiti a Sakkwato. Shi ya saya wurin wani Kwara, wato ɗan Labanan, mai awon gyaɗa, Kwaran kuma ya saya wurin wani Bature da ya koma ƙasarsu bai ko waiwaye ta ba. An ce baƙa ce a da. Mutanen gari suna kiranta Gwaggo, don tana tari da safe kuma ba ta son a hanzarta ta. Da ita nake ɗaukar 'yan kasuwa zuwa Jabo da Kebbe, wani lokaci har Fakku, mutum bakwai, takwas in an samu ramamme. Abin da ta samo shi ake ci a gidana. Ranar da ba ta fita ba, matata Bara'atu ta kan rage ludayi ɗaya a tukunya.

Riƙon tsohuwar mota ba kuɗi yake so ba, don mai kuɗi ba zai saye ta ba tun farko. In lagireto ya fara yoyo, cokali biyu na garin kuka nake zuba masa, ya toshe har mako guda. Tankin mai in ya huje, sabulu. Fanbel ɗinta wani baduku ya yanka mini daga ƙirgin bijimi, ya fi na kanti ƙarko in dai ba a yi ruwa ba. Ƙofar baya da igiya ake rufe ta, wanda ya zauna kusa shi ne mai riƙo, ina rage masa kwabo. Abu ɗaya ne ya gagare ni, batir. Sabo fam shida ne, ni kuwa ban taɓa ganin fam shida sun zauna wuri ɗaya sun jira ni ba. Handul ɗin da ake murɗa ta da shi ta gaba ya daina aiki tun ranar da ya dawo baya ya karya wa maƙwabcina Namadi maƙeri wuyan hannu. Turi kuwa, ƙofar gidanmu rairayi ne, mutum shida ba su kai ta gudun da za ta tashi. Mazan shiyarmu sun gwada shekara guda, daga nan duk wanda ya hango ni tafe sai ya ɗauki buta ya kama alwala, ko da hantsi ne.

Saboda haka Gwaggo a kan tudu take kwana. Da safe in janye dutsen da na tare taya da shi, in shiga, ta gangaro, in sa giya ta biyu, in saki kuloci, ta yi tari uku ta kama. Duk hanyar nan babu gangaren da ban sani ba. A Jabo akwai na bayan mahauta, a Kebbe akwai na mashaya, a Fakku akwai wani tsohon suri. Ba na tsayawa inda fasinja ke so, ina tsayawa inda ƙasa ta karkata. Amma uban su duka shi ne na ƙofar gidana.

Tudun nan gado ne. Ubana da kakana marina ne, shekara sittin suna zuba toka da katsi a wurin, wato baƙar lakar nan da ake kwashewa daga gindin ramin rini. Ya taru ya daskare har ya fi tsayin mutum. Da na sayi mota sai na sa anka kawo mini marmara mangalar jaki goma na shimfiɗa a kansa don taya ta samu abin kamawa. Daga nesa ja wur, ka ce dutse ne. Ciki kuwa, ko akuyar shiyarmu ta san abin da ke ciki.

To ana nan sai labari ya zo cewa Mai Girma Uban Hanyoyi, Allah ya ƙara masa tsawon mota, zai zo ya duba hanyar Kebbe. Hanyar nan sau uku ana yi mana alkawarinta, kowane zaɓe sau ɗaya, kuma ban ga laifinsu ba, don alkawarin yana nan bai lalace ba, har yanzu kamar sabo. A bakin gari akwai wani rami da ya cinye rabin hanya, wanda mu direbobi muke ratsewa ta gonar mutane mu wuce shi. Anka ce Mai Girma ba ya ratse. Dole a cike ramin kafin ya iso. Anka ɗora aikin a kan obasiya mai kula da aikin hanya, wani mai gajeren wando da fensir a bayan kunne, wanda muke kira Sarkin Awo don ya auna hanyar nan fiye da yadda munka bi ta.

Ranar Talatar ina Kebbe. Na dawo da la'asar na karyo kwanar gida, na ƙara wuta yadda na saba don in hau, sai na ga babu abin hawa. Fili fetal, an share har da tsintsiya. Na zagaya shiyar sau uku da inji a kunne, fasinja biyu da ba su sauka ba suna tambaya ko na mance gidana ne. A zagaye na fuɗu mai ya ƙare, Gwaggo ta mutu a tsakiyar rairayi, a wurin da ya fi ko'ina daidaito a garin Tambuwal.

Namadi ya fito daga maƙera ya ba ni labari. Tun da safe Sarkin Awo ya zo da leburori talatin da jakuna, ya ce hukuma na bukatar marmara kuma ga ta nan an tara ta ba bisa ƙa'ida ba. Namadi ya ce ya matsa ya gaya masa cewa wannan ba marmara ba ce, hula ce kawai anka sa wa toka. Sarkin Awo ya tambaye shi a wace makaranta ya karanta ilimin ƙasa. Namadi ya ce bai karanta ba. Sarkin Awo ya ce to ya koma ya hura wutarsa. Leburorin duk 'yan gari ne, sun san tudun tun suna yara, amma kuɗin yini ake ba su, ba kuɗin shawara ba.

Bara'atu ta leƙo daga zaure ta dubi filin, ta dubi motar, ta ce, “Malam, yanzu kukar miya ta huta ke nan.” Ta koma ciki.

Washegari na tafi ofis. Na tarar da Malam Akawu, mutumin kirki, wanda bai taɓa korar mai kuka ba, sai dai ya bar shi ya bushe a benci. Bayan azahar ya saurare ni. Ya buɗe fayil, ya rufe, ya buɗe wani. Ya tambaye ni ko ina da takardar mallakar tudu. Na ce ubana bai karɓa ba. Ya tambaya ko an taɓa biyan haraji a kansa. Na ce a'a.

Ya ce, “To ka gani, Ɗangiwa, a wurinmu babu tudu. Abin da babu kuwa ba a iya kwashe shi.”

Na ce, “Ranka shi daɗe, to mi jakuna sunka wuni suna ɗauka?”

Ya ce wannan tambaya ce mai kyau, in rubuto ta.

Kasuwar Jabo ta ci babu ni. Ta Kebbe ta ci babu ni. Fasinjojina na shekara biyu na gan su da idona a bayan wata babbar mota, suna kawar da kai kamar ba su san ni ba. Kaji sunka fara ƙwai a kujerar baya.

Kwana biyu kafin zuwan Mai Girma sai ga masinja da takarda, wai duk mai mota ya fito da ita bakin gari don tarbo, wanda ya ƙi zai gamu da fushin hukuma. Na ce masa motar ba ta tashi. Ya ce takardar ba ta ce mota mai tashi ba, mota kawai ta ce. Ranar da safe leburorin nan da sunka kwashe tudun su ne sunka zo sunka tura Gwaggo har bakin gari sunka jera ta. Mota goma sha ɗaya anka ƙidaya a layin, anka rubuta cewa gari ya ci gaba. Uku daga ciki turo su anka yi, ɗaya kuma shanu sunka jawo ta.

Da asubar ranar an yi ruwa mai kyau. Daga inda nake zaune a cikin Gwaggo ina hangen wurin da anka cike, ya yi sumul, an yayyafa masa jar ƙasa a sama, har da farin dutse a gefe. Namadi yana tsaye jikin ƙofata. Ya dubi wurin ya dubi sama, ya ce shi zai so ya matsa gaba kaɗan don kada a ba shi labari.

Munka jira tun hantsi har la'asar sakaliya. Sannan sai ga motar Mai Girma, doguwa baƙa, inji ba ya ko tari. Direbansa ya ga gyararriyar hanya ya ƙara wuta. Tayoyin gaba sunka shiga, na baya sunka bi su, motar ta zauna a hankali har ƙofa, kamar saniyar da ta samu inuwa. Direba ya taka mai, taya ta juya a wuri ɗaya, baƙar laka ta tashi ta sauka a kan masu tarbo na sahun gaba, waɗanda duk manya ne. Toka da katsi in sun sha ruwa sun fi sabulu santsi, wannan ko ɗan marina na goye ya sani.

Mai Girma ya buɗe ƙofa ya sa ƙafa, ƙafar ta tafi har gwiwa. Farar riga ce a jikinsa. Tun rasuwar ubana ba a rina wa wani babba riga da kayan gidanmu ba sai ranar, kuma in faɗi gaskiya rinin ya kama. Maroƙin da anka ɗauko bai tsaya ba, ya ci gaba da kirari, don shi ma kuɗin yini anka ba shi.

Da anka fito da Mai Girma a kafaɗar mutum biyu, bai yi faɗa ba. Ya dubi ƙafarsa ya tambaya, wace irin ƙasa ce wannan. Kowa ya dubi Sarkin Awo. Sarkin Awo ya cire fensir daga bayan kunne, ya waiga, ya nuna ni.

Ya ce, “Ranka shi daɗe, ƙasar wancan mutumin ce. Tudunai ne.”

Ban taɓa ganin an mayar wa talaka da haƙƙinsa da sauri haka ba. Kwana goma ina nema a ofis, ga shi an ba ni a gaban shaidu ɗari biyar.

Kashegari Malam Akawu da kansa ya aiko kirana, ko benci ban zauna ba. Ya karanta mini takarda cewa in kwashe tuduna daga kan hanyar hukuma cikin mako guda. Na ce na gode, yau ma zan fara. Ya ce in dakata. Ƙasar nan, in ji shi, ta riga ta shiga littafi a matsayin marmara mai kyau, an saye ta wurin wani ɗan kwangila an kuma biya shi. Kayan hukuma ba ya fita haka nan, sai an saya. Taro, wato kwabo uku, kowace mangala, kuma wai an yi mini sauƙi don ta jiƙe.

Na ce, “Malam, ina ce kun ce babu tudu?”

Ya ce, “Da babu. Yanzu akwai, ga shi a rubuce.”

Na koma gida, inda leburori sunka sake turo Gwaggo sunka aje, na zauna a cikinta na yi tunani. Batir fam shida. Tuduna kuwa bai kai rabin haka ba, kuma tudu ba ya yin sanyi da damina. Na shiga na gaya wa Bara'atu. Ta daɗe tana kallon turken da ke bayan ɗakinta, sannan ta ce in je in kira mai sayen dabbobi kafin ta canza ra'ayi.

Kwana biyar jakuna suna dawo da shi. Namadi ya taimake ni munka daddaɓe, munka sake sa masa hular marmara. Ya dawo wurinsa amma ya rage tsawo da kamu biyu, sauran ya bi tayoyin Mai Girma da rigarsa, ban kuwa yi niyyar bin sawu ba. Yanzu Gwaggo sai ta kai gindin gangare, dab da katangar Namadi, sannan take kamawa, shi ya sa kullum da safe yake fitowa da iyalinsa waje har in wuce. Ramin bakin gari ma ya dawo yadda yake, muna ratsewa ta gonar mutane kamar da. An ce Sarkin Awo an ƙara masa girma an kai shi inda hanya ta fi tsawo, kuma ina yi wa mutanen can gargaɗi, duk mai abin da ya ɗan tasa a ƙofar gida ya zauna a kai.

Rasit ɗin yana nan a aljihun motar, na naɗe shi a tsumma don ruwa. An rubuta tudu ɗaya, mangala ɗari biyu da ashirin, fam biyu da sule goma sha biyar. Sunana ne a kai, amma tunkiyar Bara'atu ce ta biya, da ciki wata uku.