Rasuwar Mai Kwalabe a Hannun Injiniya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ɓacin ran da har yanzu ya ƙi sauka, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar amfilifayar gidanmu, wato na'urar ƙara sauti, wadda kowa ya fi sani da Mai Kwalabe. Ta cika ranar Lahadi da hantsi, a falo, kan teburin da ta shekara arba'in da ɗaya a kai. Kada wanda ya ce tsufa ne. Kashe ta aka yi, kuma wanda ya yi kisan ya zauna ya ci abincin rana a gidan nan, har da neman ƙari.

Mahaifinmu, tsohon mai gyaran rediyo, shi ya haɗa marigayiya tun ba a haife ni ba. Taransifomarta da hannunsa ya naɗe ta, da waya siririya kamar gashi. Mai natsuwa ce, ba ta san gaggawa ba. In an kunna ta sai kwalabenta huɗu na gilashi, masu kama da ƙwan lantarki, su yi ja a hankali, ta ce "hmmm", ta ce "ƙis", sannan murya ta fito kamar mai maganar yana zaune kusa da kai. Tun da idon Baba ya tafi, kullum da safe sai ya ɗora tafinsa saman kwalaben ya ji ɗuminsu kafin ya kurɓi shayi. Doka ɗaya gare ta: ba a kunna ta babu lasifika a jikinta, don ƙarfin da ta tara in bai sami mafita ba, cikinta yake ƙonawa. Baba ya rubuta haka a bayanta da jan fenti.

Ajalinta ya shigo ne a hannun mijin ƙanwata, mai sayar da labule, wanda ya laƙaba wa kansa Injiniya saboda ya taɓa gyara fanka. Ya kawo mana risiba, irin na'urar nan da ke raba sautin fim zuwa lasifika biyar, wai zai haɗa ta da Mai Kwalabe ya waye mu. Kafin in fita da Baba wurin aski, sai da na nuna masa 'yar ƙaramar kafar da ke bayan risibar, wadda ke fitar da sauti ba ƙarfi, na ce nan kaɗai ake haɗawa, kuma ya jira ni. Ya yi mini murmushin nan nasa na wanda ya san komai.

Me ya yi? Ya zare lasifikun marigayiya ya ba risibarsa. Ya kwaso manyan wayoyin risibar masu ƙarfi ya cusa mata a inda take karɓar sauti. Ya kunna ta, ya murɗa har ƙarshe, ya sa fim ɗin yaƙi. Ƙanwata ta shaida cewa kalaman ƙarshe na marigayiya su ne "fiiii", sai "fat", sai hayaƙi. Jan fentin yana gaban hancinsa, wallahi, bai karanta ba. Da ya ga ta mutu sai ya fesa turare, ya lulluɓe ta da labule, ya ɗora tukunyar fulawa a kai.

Ga inda ni ma nake da laifi. Shi da ƙanwata suka roƙe ni kada Baba ya ji, a riƙa sa masa rediyo ta risiba, wai ba zai gane ba. Na yarda, kuma ina jin kunyar hakan. Litinin da safe Baba ya saurara kaɗan, ya miƙa hannu, ya taɓa kwalabe masu sanyi, ya kai yatsunsa hanci. Ya ajiye shayin, ya laluba bango ya koma ɗaki, kwana uku bai leƙo falo ba.

Ta rasu ta bar lasifika biyu marayu, waɗanda yanzu ke hannun makashinta, kwalabe uku masu rai da ɗaya da ta tsage, kwalin faifai, da Baba. Ta kuma bar ni, wanda Baba ya yi ta roƙo in zauna in koyi naɗin taransifoma, ina ce masa zamanin wannan ya wuce.

Ba ma karɓar gaisuwa daga masu cewa a sayi sabuwa. Duk wanda ya ce mini ai ƙarfe ne kawai, ya sa takalminsa ya kama hanya.

Za a fitar da gawa ranar Asabar bayan karin kumallo, zuwa tsohon teburin aikin Baba. Jiya ya kira ni ya faɗa mini lissafin naɗin taransifomar da ta ƙone, wanda babu shi a rubuce ko'ina sai a kansa: zagaye dubu biyu da ɗari takwas. Ni zan naɗa, Baba zai ƙirga da kunne, Injiniya kuma zai riƙe ƙullin wayar a tsaye, ba kujera, ba ba da shawara. In ta tsinke a hannunsa, mu sake ƙirga daga ɗaya.

In ba ta tashi ba, za a sa ta a kwali a tura ƙarƙashin gadon Baba. In kuwa ta tashi, kada wanda ya yi tafi ko ya buɗe baki. Baba ya ce ba ya son a faɗa masa. Da kansa zai miƙa hannu ya ji.