Fararen Ƙafafun Goggo

Ba zan taɓa mantawa ba da waɗanda suka zauna a tsakar gidan mai unguwa ran nan, don kowaccensu ta ga abin da na so in ɓoye. Akwai Hajiya Luba matar mai unguwar, akwai jikata Nana da tsararrakinta 'yan mata, ga matan layinmu. Sai Malama Rifkatu, ma'aikaciyar asibiti, Kirista ce daga kudancin Zariya, tana haya a bayan gidanmu. Duba-garin da suka zo tare an bar shi a zaure, shi kaɗai Allah ya rufa mini asiri a gabansa.

Zamanin soja ne, lokacin da kuɗin fetur suka cika gari. Kaya na ta shigowa Sakkwato daga Ikko, har da sabulai da mayukan da ke sa fata ta yi fari. Ni ko ban taɓa zama aji ba, amma a unguwarmu ni ke wankan amare, kuma ba a kai yarinya ɗakinta sai na duba ta na ce ta yi. Yarinyar da na ga goshinta ya fara haske, sai in bi ta har ɗakin uwarta in ƙwace kwalbar. Har Nana ban ƙyale ba, da saurayinta mai aikin siminti a Kalambaina ya kawo mata nata cikin kayan toshi.

To ga inda gizon yake. Ni an raine ni a gidan da ba a zubar da ko ƙanzo. Kwalabe sun taru a ƙarƙashin gadona, ga kaushi ya farfasa mini dugadugai. Na ce abu mai maiƙo haka, zubarwa ai almubazzaranci ne. Fuska dai haramun, amma ƙafa wa ke kallonta? (Ni na yi wa kaina wannan fatawa, ban tambayi malami ba.) Kaushin ya tafi kuwa. Sai dai ƙafafun suka yi fari tas har idon sawu, kamar na aro su daga wata Balarabiya, suna kuma yi mini ƙaiƙayi. Na koma ɗaura zane har ƙasa.

Ranar da aka tara mu a gidan mai unguwar, Malama Rifkatu ta ce gwamnati na sake dokar kayan shafe-shafe, za a riƙa bincikar abin da ake zubawa a ciki, don wasu akwai zaiba, wata guba mai ratsa fata ta taɓa ƙoda. Mata suka yi ta ƙus-ƙus, ba wadda ta yarda. Sai ta roƙi Hajiya Luba murfin tukunyar alminiyam, ta kankare shi da yashi, ta lakato man daga wata kwalba da aka kama a kasuwa ta goga, ta share, ta ajiye a tsakiyar tabarma.

Na ga abubuwa a duniya, amma ban taɓa ganin ƙarfe ya yi furfura ba. Muna zaune wani farin gashi ya fara tsirowa daga murfin, siriri, yana tashi a hankali kamar mai rai. Ba wuta, ba hayaƙi. Hajiya Luba ta kai yatsa kusa ta ce wurin da ɗumi. Mata suka hau salati ƙasa-ƙasa. Ni kuwa na ƙura ido, ina jin ƙafafuna a ƙarƙashin zane kamar su ma suna tsiro. Abin da ya ci murfin tukunya, shi nake kwana da shi a fata.

Da na yi shiru da na tsira. Amma baki ya saba. Na gyara murya na ce 'yan matan zamani sun dai gani, ni tun tuni nake ƙwace wannan masifa. Malama ta yi mini godiya, ta ce a kawo kwalaben a miƙa wa duba-gari, kada wani ya jefa su kusa da rijiya. Kafin in ƙirƙiro dalili Nana ta ruga gida, ta dawo da su cikin kwando.

Malama ta buɗe ta farko, wayam. Ta buɗe ta biyu, an suɗe ta ƙal har gindi.

Ta dube ni ta ce: "Goggo, ina man ya tafi?"

Na miƙe a fusace don in bar wurin, zanen ya harɗe ni, na tattare shi sama ba tare da tunani ba. Idanu suka sauka ƙasa gaba ɗaya.

Nana ta ce, a hankali, da ladabinta: "Goggo, ashe ke ma amarya muka yi. Daga ƙasa kika faro?"

Hajiya Luba ta cusa gefen mayafi a baki, kafaɗunta na rawa, ta ce ita dai bikin ɗiyarta saura kaɗan, tana tunanin wa zai duba mai dubawa. Malama ce kawai ba ta yi dariya ba. Ta durƙusa ta danna mini idon sawu da yatsa, ta ce in zo asibiti a gwada fitsarina, da ni da duk wadda ta taɓa shafawa.

Abin da na koya shi ne, guba ba ta san wa ya saye ta da wa ya ƙwace ta ba, kuma ba ruwanta da fuska ko dugadugi.

Da gari ya waye na ɗaure zanena a ƙwauri, na bi gidajen layin ɗaya bayan ɗaya ina fito da 'yan matan. Wadda uwarta ta ce ɗiyarta ba ta shafa komai, ban yi musu ba, sai in ɗaga mata ƙafa. Haka na tasa su gaba har asibiti, na kuma shiga layi a gabansu, don ko a nan ni ce babba.