Rasuwar Igiyar Fitila Mai Launi Bakwai

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har wuya, nake sanar da 'yan uwa, maƙwabta, da duk wanda ya taɓa leƙowa falonmu, rasuwar igiyar fitilata ta LED mai tsawon mita biyar. Ta riga mu gidan gaskiya ranar Asabar da hantsi, bayan gajeriyar rashin lafiya da dogon gangancin mai ita.

Marigayiyar ta zo hannuna shekara biyu da suka wuce, a naɗe cikin leda, daga shagon mai kayan lantarki. Tun da na ajiye tuƙin mota nake gina ƙaramin gari da kwali a kan teburin cin abinci: gidaje goma sha ɗaya, tasha, asibiti, har da ofishin 'yan kwana-kwana. Ita ta bi lungu-lungu ta haska shi.

Ba ta da zafin rai, ba ta da cin wuta. Sau uku na ƙona ta da dalma saboda rawar hannuna, ba ta riƙe ni a zuciya ba. In ka ce ja, ta yi ja. In ka ce kore, kafin ka rufe baki ta koma kore. Ko mai ɗakina, wadda ta gaji da cin abinci a cinya, ta taɓa tsayawa ta ce, "Wallahi ya yi kyau. Amma ka kwashe."

Ciwon ya fara ne da ƙyafta ido. Daga nan shuɗi ya ɗauke, sai adaftarta ta mutu. Mai shago ya ce sabuwa sai Litinin, ya kuma ja mini kunne: "Baba, bolt sha biyu take ci. Kar ka ƙara mata ko ɗaya."

To, ranar Asabar ƙanen mai ɗakina zai zo. Shi ma'aikacin lantarki ne, kullum sai ya faɗa a gaban jama'a cewa wata rana zan ƙona gida. Ni kuwa ba zan nuna masa gari a duhu ba. Sai na zaro adaftar wata tsohuwar firinta, mai bolt ashirin da huɗu. A ganina mara lafiya ƙarin abinci yake so.

Da ƙanen nata ya iso, sai na jona mata ita. Jama'a, ta yi haske! Hasken da ba ta taɓa yi ba! Tagogi suka ɗauka, tasha ta koma kamar gidan biki, har inuwarmu ta hau bango. Mutumin ya cire tabarau ya ce, "Yaya, kai ka haɗa wannan?" Na buɗe baki zan cika shi, sai marigayiyar ta yi kalamanta na ƙarshe: "Tsss... tas!" Hayaƙin farko daga ofishin 'yan kwana-kwana ya fito.

Ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Da ya share hawaye, ya ce a duk aikinsa bai taɓa ganin daƙiƙa huɗu masu kyau haka ba, kuma daga yau shi zai riƙa kama mini dalma. Ta tafi, amma ta fitar da ni kunya.

Ta bar rimot mai maɓalli ashirin da huɗu, wanda uku kawai na sani a ciki, da ƙanwarta, guntun rabin mita da na yanke tun farko, da baƙin salatif, da ni.

Za a yi jana'iza gobe bayan abincin rana, a durowar ƙasa, kusa da caja biyar da tsohon rediyo. Ana karɓar gaisuwa a falo, amma ba a karɓar shawara. Ba za a jira kowa ba, domin magajiyarta mai mita goma, wadda ke rawa idan ta ji kiɗa, tana hanya. Don Allah masu ta'aziyya kada ku ambaci wannan a gaban mai ɗakina. Ita har yanzu zato take makoki nake.