Ranar da Gwaggo Hajo Ta Buɗe Littafina Ta Dama

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da aka yi walimar dawowar ɗana na fari a gidanmu na Bukkuyum. Mutane suna tuna ta a matsayin ranar farin ciki, ni kuwa in na tuna sai in ji kamar in shige ƙarƙashin gado, ga ni da furfurata.

Kowa ya san yadda muke da ɗan fari. Ba ka kiran sunansa, ba ka yi masa dariya a gaban mutane, in ya shigo gaisuwa ka kau da kai. Ni kuma na kai abin inda ko tsofaffi suke cewa na cika. Tun da aka yaye shi Inna, mahaifiyar Malam maigidana, ta ɗauke shi, ita yake kira Inna, ni yana ce mini Yaya. Shekara ashirin da huɗu ban taɓa furta sunansa ba. In dole ta kama sai in ce "na Inna". Har alfahari nake yi da haka, Allah ya yafe mini.

Bayan kaka 'yan bindiga suka tare su a hanyar Zugu, shi da babur ɗinsa da mutum biyu da ya ɗauko. Aka shige da su daji. Sanyin shekarar nan ya zo da ƙarfi, irin wanda ruwan alwala ke yanka hannu, gari ya yi shiru, Islamiyyar matan aure da nake koyarwa aka rufe ta. Masu jaje suna zuwa, amma ɗakin Inna suke shiga, don ita ce uwa a idon kowa. Ita tana da damar yin kuka a fili. Ni nawa shi ne in kawo wa baƙi tabarma da ruwa, in an ce "ya haƙuri" in ce haƙuri sai Inna.

Abin da ya riƙe ni wani littafin rubutu ne mai bango shuɗi da na saya don darasi. Babana malami ne a Anka, yana rubuta waƙoƙin wa'azi da ajami, a wurinsa na koya tun ina yarinya. Wata safiya ina zaune bakin murhu ina jiran ruwan koko ya tafasa, sai na juya littafin ta dama, yadda ake fara ajami, na rubuta baiti ɗaya. Washegari na ƙara biyu. Na gano cewa muddin ina neman kalmar da za ta dace da ƙarshen baiti, kaina ba ya samun sararin zana mini abin da ake yi masa a daji. Daga asuba zuwa hantsi nakan samu numfashi. Duk abin da bakina ya ƙi faɗa sai na zuba a takarda, har sunan nasa, ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba (a nan dai ba zan rubuta shi ba, wanda aka yi ya isa). Da ajami na yi don yaran gidan boko suka fi ganewa, ba mai tsayawa ya haɗa baƙaƙen. A ganina na yi dabara.

Sanyi na shirin tafiya Allah ya kuɓutar da shi. Yadda aka yi labari ne daban. Ya dawo a rame, ƙafafu duk sun tsage, Inna ta rungume shi tana kuka, ni kuma na ce "sannu" na shige madafa na daɗe ban fito ba.

Malam ya ce a yi walima ta godiya ga Allah. Matan Islamiyya suka roƙe ni in tsara waƙa, na yarda, na rubuta 'yar waƙar hamdala mai tsabta da boko a shafin farko ta hagu, wadda ko gaban liman za a karanta. Sai dai ana gobe walima mura ta shaƙe ni, muryata ta tafi gaba ɗaya. Aka ce ai ga Gwaggo Hajo ta zo daga Gummi, ƙanwar mahaifin Malam, wadda duk yankin an san ta da zaƙin murya a waƙen wa'azi. Na miƙa mata littafin da hannu biyu, na raɗa mata cewa ta farko za ta karanta, na wuce wajen tukwane. Abin da ya ɓace mini shi ne Gwaggo ba ta taɓa zama ajin boko ba. Ita littafi ta dama yake farawa.

An ɗauko lasifika an ɗaure a bishiyar dalbejiya don maza da ke ƙofar gida su ji. Ina kwasar tuwo na ji ta fara da bisimilla da salati, ban damu ba, kowace waƙa da haka take farawa. Sai na ji:

Sanyi ya sauko, ina bargonka?
Wa zai hura ma wuta a dajin nan?
Na haife ka, ba na kiran sunanka,
Yau ga ni ina kira, ba ka nan.

Baiti na gaba kuwa da sunan ya fara, ta ja shi da kyau, lasifika ta kai shi har bakin masallaci.

Na fito a guje da mara a hannu. In yi ihu ba murya. In fizge littafi daga hannun gwaggon mijina a gaban mata sama da hamsin, wannan kuma wata sabuwar kunyar ce. Na tsaya gefenta ina kaɗa hannu kamar mai korar kaji, ita kuwa ko kallona ba ta yi ba. Ta karanta inda na ce nakan leƙa shi ta ramin zana in yana cin abinci. Ta karanta inda na ce ni ke ƙara masa nama a kwano in ce Inna ce ta sa. Ta karanta har inda na ce hularsa tana ƙarƙashin matashina tun ranar da aka tafi da shi. A nan wata abokiyar wasana ta ƙyalƙyale da dariya, wasu suka taya ta. Amma dariyar ba ta je ko'ina ba. A cikin matan nan akwai waɗanda nasu ba su dawo ba, kuma wasunsu 'ya'yan fari ne. Kafin Gwaggo ta kai ƙarshe tsakar gidan ba ka jin komai sai jan hanci. Inna ta ja mayafi ta rufe fuskarta.

Da aka watse na je na durƙusa gaban Gwaggo, ina so in yi ƙorafi ba hali. Ta miƙo mini littafin ta ce, "Tun baiti na biyu na gane ba ita kika nuhi ba. To amma wagga ta hi waccan, ko ban gan ta ba." Malam kuwa, kwana biyu in mun haɗa ido sai ya yi gyaran murya ya dubi rufin ɗaki.

Washegari da hantsi yaron ya shigo gaisuwa. Ya tsuguna a bakin ƙofa inda ya saba, na juya fuskata bango yadda na saba. Ya gaishe ni, na amsa da kai. Maimakon ya tashi sai ya zauna, ya daɗe yana wasa da bakin tabarma.

"Yaya," ya ce, "can daji, ranar da sunka ce za su kashe mu, na ɗauka Inna ɗai za ta yi kukana."

Na rasa inda zan sa kaina. Shekara ashirin da huɗu ina tsaron mutuncina, ashe abin da yaron ya tafi da shi daji ke nan. Da 'yar muryar da ta rage mini na ce ya tashi ya ba ni wuri, koko na huce masa a ɗakin Inna. Ya tashi yana murmushi, ni kuma na yi kukan da ban yi ba duk tsawon sanyin.

Har yau mata in sun gan ni a biki sai su tambaye ni ko an mayar wa mai hula hularsa, in ce musu Allah ya shirye su. Na dai koyi abu biyu. In za ka ɓoye sirri a ajami, kada ka miƙa wa tsohuwa littafin. Sannan kunya ado ce, ban musa ba, amma tawa sai da aka tona ta a lasifika kafin ɗana ya san yana da uwa.