Kujerar Ɗakin Allura

Zamanin kuɗin fetur, ofis ya aike ni da sabuwar mota Fijo in duba lafiyar wurin aikin ma'aikatan wani ƙaramin asibiti a Ƙofar Marusa. Na shiga ina jin ni ne gwamnati.

Babbar nas, Hajiya Binta, ta nuna kujerar ɗakin allura. "Malam, kujerar ga ta sha kada mu."

Na taɓa ta da yatsa, na rubuta "lafiya lau", na zauna a kanta zan sa hannu.

Da na yaye babbar riga daga fuskata, silin nake kallo, ga kujerar a karye a gefena. Hajiya tana ɗinke mini gwiwar hannu ta ce, "A gyara takardar, ko a bar ta?"

Har yau jikokinta ma Malam Lafiya Lau suke kirana.